Lambar Katako da Sunan Azara



Ranar 1 ga Janairu 2022 wani irin katakon gini ya sami lambar kansa a littafin kwastan na duniya. Lambar ita ce 4418.82. Ba a yanka rago ba, ba a raba goro ba, amma raɗin suna ne sosai, domin tun da ƙasashe suka soma aiki da sabon littafin, duk ma'aikacin kwastan da ya buɗe kwantena ya tarar da wannan katako, a Legas yake ko a Kwatano ko a tashoshin Sin, ya san layin da zai rubuta shi. Mu a Malisa ba mu taɓa ganin ko falle ɗaya nasa ba, ba mu kuma gan shi wurin 'yan katako na Jega ko na Birnin Kebbi ba. Abin da ya ja mu ga maganarsa shi ne dabarar da aka yi shi da ita, wadda muka kwana a ƙarƙashinta tun muna goye. Sai kuma tambayar da ta biyo baya: me ya sa nasu ya sami lamba cikin shekara talatin, namu kuwa ya yi ɗaruruwan shekaru babu?

Masu cinikinsa suna kiransa da haruffa uku, CLT. Mu za mu ce masa katakon gicciye, kafin wani a cikinku ya kawo sunan da ya fi wannan zama a baki. Ga yadda ake yinsa. Ana yanka itace falanki-falanki, kaurin kowanne kamar yatsa ɗaya zuwa biyu, a busar da shi a ɗakin zafi har ruwan jikinsa ya koma kamar kashi 12 cikin 100. A jera falankan gefe da gefe, a ce duk sun miƙe gabas da yamma. A shafa gam, a ɗora wani jeri a kai wanda ya miƙe kudu da arewa. A sake shafa gam, a ɗora na uku ya koma gabas da yamma. Hawa uku, ko biyar, ko bakwai. Ba a cika yin huɗu ko shida ba, don jerin sama da na ƙasa su fuskanci wuri ɗaya. Sannan inji ya danne su har gam ya kama. Abin da ke fitowa allo ne guda, faɗinsa kusan mita 3, tsawonsa yakan kai mita 16, kaurinsa wani lokaci ya wuce taƙi. Bango ne sukutum. Tun a masana'anta injin da kwamfuta ke sarrafawa zai huda masa ƙofa da taga da hanyar wayar lantarki, a wurin gini sai dai a ɗaga a tsayar, a ɗaure da dogayen sukurori.

Sirrin yana cikin gicciyewar, kuma duk mai faskare ya san shi ko bai taɓa shiga aji ba. Gatari yana tsaga icce (haka muke cewa a nan yamma, ku na gabas ku ce itace) ta tsawonsa kamar wasa, amma in ka zo masa a gicciye sai ka yi gumi. Haka kowa ya san ƙyauren katako: da damina ya kumbura ya ƙi rufuwa, da hunturu ya tsuke ya bar kafar da iska ke shiga. Kumburin ta faɗi yake yi, ta tsawo kusan babu. To in ka manne jeri biyu a gicciye, duk inda ɗaya ya so motsawa ɗan'uwansa ya riƙe shi, inda wannan yake da rauni wancan yake da ƙarfi.

A Ostiriya da Jamus aka raini wannan sana'a a shekarun 1990, kuma binciken da Gerhard Schickhofer ya yi a jami'ar fasaha ta birnin Graz yana cikin abin da ya tsayar da ita da ƙafarta. A 2009 aka gama wani bene mai hawa 9 da shi a Landan. A 2019 aka buɗe wani mai hawa 18 a Norway, tsayinsa mita 85 da ɗoriya, ginshiƙansa na wani manannen katako ne, katakon gicciye kuwa ya yi ɗakunan matakala da na lif. A 2022 na birnin Milwaukee a Amurka ya ɗara shi da kaɗan, hawa 25, ko da yake gindinsa na kankare ne. Yawancin itacen da ake yinsa da shi na ƙasashen sanyi ne, masu ganye kamar allura, marasa nauyi, masu saurin girma.

Mu dawo gida. Wanda ya tashi a soro ya san abin da idonsa ke fara gani in ya farka: azara. Giginya ake sarewa, tsohuwa, an fi son namijin, a tsaga gangar jikinta da tsawo, a zubar da ɓargon ciki mai laushi, a bar baƙin gefen nan mai tauri wanda gara ke kewayewa. Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamu huɗu, wato kusan mita 2. Sai ta lanƙwashe. Me magini yake yi in ɗaki ya fi haka? Sai ya gicciya. Ya shimfiɗa gajerun azara a kusurwoyi huɗu su yanke lungu, ya ɗora wasu a kansu ta wata fuska, kowane jeri yana ɗan leƙowa gaba da na ƙarƙashinsa har tsakiya ta rufe. A kai a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a shafe da laso ko makuba, a fitar da indararo. In zaure ne na mai hali, a haɗa azara a cikin ƙasa a tayar da bakan gizo, a yi ɗaurin guga. Da wannan ilimi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, kuma daga baya aka lulluɓe bakunansa da sabon gini.

Akwai wani dattijon magini a unguwarmu da ƙarfi ya ƙare masa amma ido bai ƙare ba. Mun nuna masa hoton gefen katakon gicciye a waya, inda ake ganin hawa-hawan, muka ce, "Baba, dubi abin da Turawa ke gina bene da shi yanzu."

Ya karɓa, ya nisantar da wayar daga idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wanga ai ɗaurin azara na, danƙo kawai sunka ƙara mai." Ya miƙo mana wayar, sannan ya ce, "To gara hwa? Ba ta cinai?"

Muka ce, "Tana ci, Baba, sai an yi masa magani."

Ya ce, "Ashe da sauran aiki."

Gaskiyarsa ce. Itacen ƙasashen sanyi ba shi da abin da zai kare kansa daga garar ƙasarmu, kuma ruwa in ya samu ya kwanta masa a gindi yana ruɓar da shi. Wanda duk zai kawo wannan katako ƙasar Gwandu sai ya fara amsa tambayar Baba kafin ta kwastan. Ba kuma cewa muke yi azara da katakon gicciye abu ɗaya ne ba. Nasu manne yake, yana aiki tamkar dutse guda, injiniya yana iya lissafa nauyin da zai ɗauka kafin a sare bishiyar. Namu jingine yake, nauyin ƙasa ke danne shi, lissafinsa yana cikin kan magini, in ya mutu ya tafi da shi. Amma tunanin ɗaya ne.

Yanzu ga littafin. Hedikwatar Hukumar Kwastan ta Duniya tana Brussels ta ƙasar Beljiyam, kuma tun 1 ga Janairu 1988 take riƙe da wani jeri na dukkan abin da ɗan Adam ke sayarwa ƙetaren iyaka, daga raƙumi mai rai har jirgin sama. Ƙasashe da yankuna fiye da 200 ke aiki da shi. Kowane kaya yana da lamba mai alƙaluma shida: biyun farko babi, biyun tsakiya gida, biyun ƙarshe ɗaki. Babi na 44 shi ne na itace. Gida na 4403 na gungume ne. Na 4407 na katakon da aka tsaga da zarto, wanda kaurinsa ya wuce milimita 6. Na 4412 na filawud ne da danginsa. Na 4418 na kayan kafintan gini ne, irin su ƙofa da taga da ginshiƙi. Ƙasashen ECOWAS suna ƙara alƙaluma huɗu a kan shidan su zama goma, kuma tun 2015 suke da jadawalin kuɗin fito guda mai matakai biyar: kashi 0, da 5, da 10, da 20, da 35 cikin 100. A taƙaice ɗanyen kaya yana ƙasa, wanda aka fara sarrafawa yana tsakiya, gamammen kaya yana sama. Nijeriya ta koma kan sabon jadawalin mai ɗauke da lambar katakon gicciye a watan Afrilu 2022.

Kalmar fito kanta tana da daɗin bi. Asalinta ƙetare ruwa ne a jirgi. Ayarin fataken da ke bi ta Jega zuwa Gwanja sayen goro sai sun tsallake Kwara, a Illo ko a Yawuri, kuma ba a tsallakewa sai madugu ya daidaita da masu ruwa. Ruwan ya zama layi a taswira, jirgin ya zama fom da ake cikewa a banki, kalmar ta zauna.

Abin da lamba take yi ba ƙarami ba ne. Mai shigo da kaya yana rubuta ta tun a takardar da ake kira Form M, kafin kayan su bar ƙasar da aka saye su, kuma ita ke faɗin abin da zai biya, da ko kayan na cikin waɗanda aka hana, da hukumar da za ta duba su. A ɗauka kaya na naira miliyan 100 ne. In sun faɗa matakin kashi 5, miliyan 5 ke nan. In sun faɗa na kashi 20, miliyan 20. Kaya ɗaya, kwantena ɗaya, bambancin miliyan 15 yana rataye a kan wane suna aka kira su. Shi ya sa gardamar ɗan kasuwa da kwastan ba ta cika zama a kan nauyi ko yawa ba. A kan suna take.

Don raba wannan gardama littafin yana da ƙa'idojin fassara guda shida, kuma ɗalibin fiƙihu da ya karanta su zai ji kamar a zauren malaminsa yake. Ta farko ta ce kan babi jagora ne kawai, hukunci yana cikin lafazin gida da bayanan da aka rataya masa. Ta biyu ta ce abin da ya zo a wargaje, ko ba a gama shi ba, in dai ya riga ya ɗauki kamannin gamammen, to gamamme ne. Ta uku ta fi burge mu. In kaya ya yi kama da zai shiga gida biyu, gidan da ya siffanta shi dalla-dalla ya fi wanda ya ambace shi a dunƙule. Abin nan da malamai ke cewa lafazi keɓantacce yana gaba da gamamme. In haka bai raba ba, a dubi abin da ya ba kayan ainihinsa. In nan ma an rasa, a ba gidan da ya zo ƙarshe a jerin lamba, a huta. Mun yi dariya da muka karanta wannan ta ƙarshe, amma alƙali ma wani lokaci ƙuri'a yake jefawa.

Kafin 2022 katakon gicciye ɗan haya ne a wannan littafi. Wasu suka ce ai hawa-hawa ne a gicciye kamar filawud, a kai shi 4412. Wasu suka ce a'a, filawud ɓawo-ɓawo ne na siraran falle, wannan kuwa falanki ne mai kauri da aka yi don ya ɗauki bene, gidansa 4418, a ɗakin da aka rubuta wa "sauransu". In kuma an yanko shi an haɗo da duk abin da zai tashi gida cikakke, sai ya bar babin itace ɗungurungum ya koma 9406, wurin gidajen da ake kawowa a harhaɗe. Ko girmansa ma kwantena ke yanke masa hukunci: cikin babbar kwantena mita 12 ne a tsawo, faɗinta bai kai mita biyu da rabi ba, saboda haka allon da za a tsallaka teku da shi a cikinta sai an rage shi ya shiga. Illar zaman haya ita ce ba a iya ƙirga ka. Duk wanda ya buɗe alƙaluman kwastan yana neman sanin nawa aka sayar, wa ya saya, wa ya sayar, sai ya tarar da shi a cakuɗe da tarkacen wasu kaya. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ke tara alƙaluman dazuzzuka, tana cikin waɗanda suka nemi a ware masa ɗaki. Aka ware, har da 'yan'uwansa biyu: 4418.81 na manannen ginshiƙi, 4418.83 na wani dogon katakon ɗaukar rufi.

Ana sake duba littafin kamar duk shekara biyar, kuma galibi ba a buɗe wa kaya sabon ɗaki sai cinikinsa tsakanin ƙasashe ya kai dala miliyan 50 a shekara, sai fa in akwai wani dalili na abinci ko lafiya ko muhalli. Ku lura da tarkon da ke nan. Sai an ƙirga ka ake ba ka suna, ba a kuwa iya ƙirga ka sai kana da suna. Mai masana'anta a Ostiriya yana da ƙungiya da takardu da zai kawo shaida. Mai amalanke ba shi da su. Goro, wanda kakanninmu suka yi wa tafiyar watanni a ƙasa, wanda ya gina attajiran Kano, bai sami ɗakin kansa ba sai 2012, lamba 0802.70. A shekarar ne acca ta sami 1008.40, waken da muke ci ya sami 0713.35, gurjiya ta sami 0713.34. Kafin nan duk "sauransu" ne.

In kuna ganin wannan maganar ma'aikatan ofis ce, ku tuna da madobiya. Makiyaya sun san ta, da rani ake sassabe ganyenta a ba shanu lokacin da ciyawa ta ƙare. A shekarar 2000 ƙasar Sin ta fitar da jerin itatuwa 33 waɗanda doka ta yarda a kira da sunan jan itacen nan da suke yin kujerun alfarma da shi. Madobiya tana ciki. Shigarta wannan jeri ya mayar da bishiyar kiwo ta zama zinariya. Aka bi ta a Gambiya da kudancin Senegal, aka bi ta a Ghana da Benin, sannan aka faɗo Nijeriya, Kogi da Taraba suka fi ji a jika. A wancan lokacin jerin kayan da Nijeriya ta hana fitarwa ya haɗa da ɗanyen katako, amma an bar ƙofa ga wanda aka sarrafa. Sai masu sara suka riƙa ɗaukar injin zarto su shafte gefe huɗu na gungume ya zama mai kusurwa, a loda a kwantena da sunan sarrafaffe. Littafin duniya kuwa ya riga ya rufe wannan ƙofa, domin lafazin 4403 ya ce gungume gungume ne ko an ɓare shi, ko an yi masa kusurwa sama-sama. Shi ya sa itacen da ya bar nan da suna ɗaya yakan isa can a rubuta shi da wani. A 2016 aka sa madobiya cikin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. A 2017 ƙungiyar bincike ta EIA ta fitar da rahoton da ya ce gungume fiye da miliyan 1.4 na Nijeriya sun shiga Sin ta hanyar takardun izinin da aka bayar bayan kayan sun riga sun tafi. A 2018 aka dakatar da cinikin madobiya daga Nijeriya. Kafin nan dazuzzukan sun riga sun yi sanƙo.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya ke nan. Itace mai daraja ya fita da sunan aro, a farashin gungume. Wata rana wani gwamna ko attajiri zai ga hoton benen katako ya yi sha'awa, a shigo masa da itacen da bai kai namu tauri ba, a manne, da lambarsa da takardar shaidarsa, a farashin gamammen kaya. Ba ma adawa da shigowarsa. A Afirka ta Kudu har an fara yinsa da itatuwan da suke shukawa, kuma babu abin da ya hana a gwada malaina da zaiti da ake shukawa a nan. Amma wanda ya sayar da saniya ya dawo yana sayen nono, ya kamata aƙalla ya san nawa ya sayar.

Ita kuwa giginya ba Sin ce ke cinye ta ba, mu ne. Ba ta sauri. Wanda ya shuka ta don azara, jikansa ya shuka wa. Ƙwallon da zai zama bishiya muna binne shi mu tone muruci mu dafa. Manyan da suka rage ana sarewa, gona tana cin wurinsu. Filin da aka yi yaƙi da Turawa a Sakkwato a 1903 sunansa Giginya, yau barikin soja da filin wasa da otal ke ɗauke da sunan. Tun muna yara muke jin magina suna yabon azarar Dandi, ƙasar da iyaka ta raba biyu, Kamba a wannan gefe, Gaya a wancan. Dazuzzukan giginya na Gaya sanannu ne a duk Nijar, kuma dokar ƙasar ta sa ta cikin itatuwan da ba a sara sai da izini. Mai bin hanyar Kalgo da Bunza zuwa Kamba ya san yadda wannan iyaka take buɗewa da rufewa kamar ƙyauren damina: an rufe ta a Agusta 2019, ba a buɗe Kamba ba sai Afrilu 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, Nijeriya ta buɗe nata gefen a Maris 2024, a Janairu 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. A duk wannan kai-kawo ana ƙirga buhun shinkafa da jarkar fetur da aka kama, ana kiran 'yan jarida a nuna musu. Azara ba ta cikin abin da ake ƙirgawa, ta shigo ko ta fita ko ta ƙare.

A Malisa yanzu wanda ya sami kuɗi kwano yake bugawa. Kafinta ya sayo tu-bai-tu da tu-bai-fo da aka ɗauko daga kudu, sau da yawa ɗanye, ya shafa baƙin mai don gara, ya buga. Ba mu ga laifin kowa ba. Soro yana son yaɓe duk shekara, azara ta yi tsada, maginin da ya iya ɗaurinta ya tsufa, yaransa suna bulo. Amma a watan Afrilu, lokacin da kwano ke gasa mutum har tsakar dare, kowa ya san ɗakin da tsofaffi ke komawa.

Mun kawo wannan magana gabanku ne don aikinmu da na mai rarraba kaya a kwastan sun yi kusa fiye da yadda muke zato, kuma a wani wurin ya fi mu tsanani. Shi ba a yarda ya rubuta "katako" ya tashi ba. Sai ya faɗi ko an tsaga, da me aka tsaga, kaurin nawa, an fere ko ba a fere ba, an manne ko an jingina. Mu kuwa labaranmu cike suke da "wata bishiya" da "wani ɗaki". Yarinya ta zauna a inuwar wata bishiya tana kuka. Wace? In gawo ce kuma da damina ne, babu inuwa, domin gawo da damina yake zubar da ganye, kuma mai karatu ɗan ƙauye zai ajiye littafin ya yi murmushi. In tsamiya ce, ya san dare bai kamata ya same ta a wurin ba. In an ce ta kwanta tana ƙirga azara, an faɗa mana irin gidan, da ƙarfin mai gidan, da cewa barci ya ƙi zuwa, ba tare da an ƙara kalma ba. Ɗakinmu na "sauransu" ya fi na kwastan faɗi, kuma kalmomin da muke zubawa a ciki ba su da wata hukuma a Brussels da za ta fito da su bayan shekara biyar. Dirka, tanka, gungume, falanki, asabari, indararo: ku gwada su a kan ƙannenku 'yan sakandare ku ga nawa za su gane.

Haka kuma sababbin abubuwa suna zuwa ko mun shirya ko ba mu shirya ba. In ba mu raɗa wa katakon gicciye suna ba kafin ya sauka, zai zauna da haruffansa uku a bakin kafintoci, a murɗe su yadda harshe ya so, kamar yadda tu-bai-fo ta zauna. Wannan ma ba aibi ba ne, Hausa ta saba haɗiye baƙi. Sai dai sunan da aka ƙera daga gicciye yana gaya wa yaro yadda abin yake aiki, yana kuma nuna masa rufin kakansa.

Mun zauna mun bi babi na 44 gida-gida muna neman inda azara za ta kwana in wani ya kai ta gaban kwastan da takarda. Da farko akwai matsala, domin a wurin masana tsirrai giginya ta fi kusa da ciyawa da gora a kan maɗaci. Littafin ya warware wannan da wani bayani da ya ce duk inda aka ambaci itace a babin, har da gora da duk abin da ke da jikin itace. Ba za ta shiga 4407 ba, don tsaga ta ake yi, ba zarto ba. Ba ta kai 4418 ba, don ba a fere ta an yi mata mahaɗi ba. Gidan da ya fi kusa da ita shi ne 4404, ɗaki na 20, inda aka tara tsagaggun sanduna na itacen da ba na ƙasashen sanyi ba. Maƙwabtanta a wannan ɗaki su ne turakun shinge, da sandar da za a fere a yi ƙotar fartanya, da wadda za a yi wa lema mariƙi.